Simintin Bai Bushe Ba

Ƙafar Alhaji Attahiru ta san matakalar benensa fiye da yadda ta san takalminta. Akwai ta sama mai ɗan rami a tsakiya, inda dunduniya ke zama. Akwai gajeruwa a ƙarƙashinta. Akwai wadda ta karkace tun shekarar da ruwa ya yi yawa, sai mai tsini a baki, sai doguwar da ke sa baƙo tuntuɓe. Hannunsa na dama kuma ya san azarar giginya da ke kafe a jikin bango, ya san kowace gaɓa da kowace tsaga a jikinta. Da su yake sauka masallaci, a miƙe, hula a daidai, carbi a hannun hagu.

Babu wanda ya san cewa da su yake gani.

Yanar ido ce ta rufe masa gani, a hankali, shekara bayan shekara, har ya zama haske da inuwa kawai suka rage. Yana gane mutum da murya ko da jan takalmi. Daga ƙasan bene zuwa zaure, daga zaure zuwa masallacin unguwa, hanya ce da ya bi tun Jega ba ta cika haka ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya ga abin da ya sami wansa a Alelu. Wani mai magani ya soka masa allura a ido, ɗan hasken da ya rage ya tafi. Aka ba shi sanda, aka shimfiɗa masa tabarma a bakin zaure, 'ya'yansa suna shawarar gonarsa a gabansa kamar ba ya wurin. In zai tashi, sai an nemi wanda zai ja shi. Attahiru ya dawo daga Alelu ranar, ya ce a ransa shi ba za a ja shi ba.

Da albasa ya gina benen. Ya sayo a Sabiyal da Kashin Zama, ya loda a Aliero, ya bi mota har kudu yana zaune a kan buhu. Ginin ƙasa ne, daga baya aka shafe shi da siminti. Ɗaki ɗaya ne a sama, da gado, da buzu, da rediyo, da ɗan lungu mai indararo inda yake alwala. Matakalar a tsakar gida take, jingine da bango, ɗaya gefen a buɗe. Matarsa Hajiya Hindu ta daina hawa tun da gwiwa ta kama ta. Maganarsu ta zama daga sama zuwa ƙasa, ko gaisuwa a bakin ƙofarta in zai wuce.

Wata rana da azahar Ni'ima, matar ɗansa Bilyaminu, ta ɗauko tiren tuwo za ta kai sama. Bakin matakala mai tsinin nan ya gutsure a ƙarƙashinta. Babu abin kamawa a wancan gefen. Ta faɗo, hannu ya karye a wuyansa. Aka kai ta Aliero wurin mai ɗori, ta dawo da kara ɗaure a hannu.

Bilyaminu malamin makaranta ne a Maiyama. Da ya dawo da la'asar ya hau sama, ya durƙusa a bakin buzu.

"Baba, matakalar nan ta gama aiki."

"Ita ta gaya maka?"

"Ta karya hannun Ni'ima."

"Ni'ima sauri take yi. Ina hawanta tun ba a haife ka ba."

"Gobe jikanka ne zai faɗo. Ko kai."

A ƙasa mata suna ta shigowa jaje, kowacce in ta gama sai ta ɗaga kai ta ce wannan matakala ai haɗari ce. Alhaji yana jin su. Ba shi da abin da zai faɗa wanda ba zai tona shi ba.

"A shafe ta," ya ce. "Shafe kawai."

Magini ya zo ranar Asabar, wani Yohanna, mutumin Zuru da ya daɗe a Jega. Ya bubbuga bango da bayan yatsa, ya hau, ya sauka, ya shiga ƙarƙashi ya duba. Bilyaminu ya tambaye shi ko a rushe ta gaba ɗaya a zuba sabuwa.

"Ba a rusa ta, Malam. Ita ke tokare da wannan bangon. In ka zare ta, ɗakin Baba zai sauko tsakar gida da Baba a ciki."

"Ka ji ko," in ji Alhaji daga sama.

Amma Yohanna bai gama ba. Ya ce zai ɓamɓare tsohon shafe a hankali, da ƙaramar guduma, don kada bango ya girgiza. Zai shimfiɗa ragar waya, ya zuba sabon siminti a kan tsohuwar, ya daidaita su duka su zama tsayi ɗaya da faɗi ɗaya, sannan a sa tayil. Mai walda zai kafa ƙarfen riƙo a gefen da ke buɗe. Daga ranar da aka fara har ranar da ya bushe, ba wanda zai taka.

"Sai Baba ya sauko kafin mu fara."

Aka share ɗakin da ke kusa da zaure, aka sa katifa da fanka. Alhaji ya san abin da ke ƙasa. Tukwane da ba sa kwana wuri ɗaya, bokiti, turmi, keken jikoki, igiyar shanya. Hanyarsa ɗaya ce a tsakar gidan, kuma kowa ya san ba a ajiye komai a kanta. In ya zauna a cikinsu, kafin rana ta faɗi wani zai gan shi yana laluben buta.

"Ba zan sauko ba."

"Baba, kwanaki ne fa. Salla fa? Abinci fa?"

"Akwai igiya a rijiya."

Bilyaminu ya je wurin uwarsa. Hajiya Hindu tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ka taɓa ganin ya ce a'a ya dawo ya ce i? Nemo guga."

Yohanna ya fara daga sama. Ranar farko yana tsugune a bakin ƙofar ɗakin, Alhaji yana zaune daga ciki, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Ƙaramar guduma tana tafiya, tak, tak, ɓaraguzai suna gangarawa.

"Kai, magini."

"Na'am, Baba."

"Wannan ramin na tsakiya, ka bar shi."

"Rami ruwa yake tarawa, Baba. Ruwan nan shi ya bi ta ciki ya ci gindin bango. In na bar shi, aikin banza na yi."

"Gajeruwar fa?"

"Wacce?"

"Ta ƙarƙashinta."

"Duk za su zama ɗaya. Ko ido a rufe mutum ya sauka."



Washegari aka zo kan azara. Alhaji ya ji Yohanna yana jijjiga ta.

"Wannan ka ƙyale ta. Giginya ce. Ta girme ka."

"Ita lafiyarta lau, Baba. Turakun da ke riƙe da ita ne gara ta cinye. Duba."

Ya miƙo wani abu. Alhaji ya ga inuwar hannu, ya kai nasa, ya yi sa'a ya kama. Guntun itace ne, mara nauyi. Ya matsa, ya zama gari a tafinsa.

"Na gani."

"Ba zan zare su ba, sun shiga bango da nisa. In na ja, ƙasa za ta biyo su. Zan yanke su daidai da bango, in shafe."

Zarto ya yi ta kuka har la'asar. Da aka sauke azarar, Alhaji ya ji ƙarar faɗuwarta a tsakar gida, ya ji jikoki suna hawa kanta suna sukuwa. Ya kunna rediyo.

Daga nan duniyarsa ta koma igiya. Da safe guga yana hawowa da koko da ƙosai. Da rana fura, da yamma tuwon shinkafa. Ruwan alwala a jarka. Abin da ba a faɗa, shi ma da igiya yake sauka, a rufe, Bilyaminu ne ke karɓa da kansa, ba su taɓa yin maganarsa ba. Bazara ce. Da rana ɗakin yana ɗaukar zafi kamar tanda, ba inda zai je. Daga gado zuwa taga, daga taga zuwa buzu. In lasifikar masallaci ta tayar da salla, sai ya miƙe shi kaɗai, yana jin amin ɗin mutane daga nesa.

Kullum bayan guga ya hau, muryar Hajiya Hindu tana biyo shi.

"Alhaji, ta iso?"

"Ta iso."

"Da sanyi?"

"Da sanyi."

Malam Balarabe, maƙwabcinsa a sahun farko tun suna samari, yakan tsaya a ƙarƙashin tagar da ke kallon titi in an fito daga masallaci.

"Attahiru, an ce ka shiga halwa. Ka roƙa mana ruwa."

"Roƙa wa kanka haƙora."

"Wurinka na sahu fa, wani mai shayi ya gaje shi. Ya fi ka ƙamshi."

"Ka ce masa aro ne."

"Awo, aro ne. Sai dai in ka daɗe, ya zama gado."

Balarabe ya tafi yana dariya yana tari. Alhaji ya daɗe a tagar. Iska tana kawo warin albasa daga motocin da ke fitowa daga Aliero.

Yana bin aikin da kunne. Ya san lokacin da aka binne mai rami, da lokacin da aka cike wadda ta karkace. Ya ji cokalin gini yana shafa, ya ji Yohanna yana yayyafa ruwa safe da yamma don kada simintin ya tsage. Ya ji an zo da tayil. Ya ji mai walda da injinsa, hasken wutar ya shigo ɗakin yana walƙiya, wannan kam ya gan shi. Bango bai tsage ba. Ko ɓaraguzan ƙasa ba su faɗo daga rufi ba. Yohanna ya san aikinsa.

Ranar da aka gama, Bilyaminu bai je Maiyama ba. Aka wanke tayil da ruwa da omo. Gida duka suka taru a tsakar gida, har Ni'ima da hannunta a rataye. Ladan ya kira azahar.

"Baba, bismilla. Kai za ka fara."

Alhaji ya yi alwala, ya sa hula, ya ɗauki carbi. Ya tsaya a bakin ƙofa.

Fari ne kawai. Tayil ɗin fari ne, rana tana dukansa, daga ƙafarsa har ƙasa haske ɗaya ne ba iyaka, kamar an shanya zane. Ya kai hannun dama inda azara take. Bango ne sumul. Ya kai na hagu, ya sami ƙarfe, ya janye da sauri. Tun hantsi rana take gasa shi.

Ya miƙa ƙafa. Dunduniya ta nemi raminta, babu. Yatsu suka nemi baki, suka wuce inda yake a da, ba su same shi ba. Ƙafar ta ɗan zame. A ƙasa kowa yana kallon sama. Yana jin kallon a fuskarsa.

Ya mayar da ƙafar.

"Bai bushe ba."

Yohanna ya yi dariya. "Baba, ya bushe ƙarau. Ga shi." Ya hau da gudu ya yi tsalle a tsakiya, ya sauko.

"Ni na gina gidan nan. Na ce bai bushe ba."

Ya koma ciki ya saki labule.

Aka mayar da igiya rijiya. Yanzu kowa yana hawa. Jikoki suna tsere a kai har ana korarsu. Maƙwabta suna shigowa kallo, suna tambayar ina aka samo maginin. Abinci yana zuwa a tire kamar da. Duk wanda ya kawo, sai ya ce, "Baba, yau fa?" Shi kuma ya ce ba yau ba.

Wata rana bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da kowa, ya saurara. Ba motsi, sai kurciya a kan dalbejiya. Ya cire takalmi. Ya zauna a bakin ƙofa, ya sauke ƙafafu, ya shafa tayil da tafin hannu. Ya ja jiki ya zauna a ta gaba. Tayil ɗin yana ƙona shi ta cikin riga. Ya sake ja. Kowacce kamar 'yar'uwarta take, ba wadda ke gaya masa inda yake. Tsohuwar tana faɗa masa ya kai tsakiya, tana faɗa masa saura kaɗan. Wannan ba ta magana. Bai san ko ya yi nisa ba, bai san nawa suka rage ba, ga shi zaune a sarari kamar yaron da bai koyi tafiya ba.

Ƙofar Ni'ima ta yi ƙara.

Ya juya da hannu da gwiwa ya haye, ya bugi ƙaurinsa a bakin tayil, ya faɗa ɗaki. Ya zauna a bayan labule yana haki. Ya ji ta ta ɗebi ruwa a randa, ta tsaya, sannan ta koma. Bai san ko ta gani ba. Ya shafa ƙaurin, ya ji danshi. Ya goge da gefen zanen gado, ya ja wando ya rufe.

Bai sake gwadawa ba.

Ranar Alhamis da yamma Bilyaminu ya hau. Bai durƙusa nan da nan ba, ya ɗan tsaya.

"Baba, in akwai abin da bai yi maka ba a aikin nan, ka faɗa. Ko tayil ɗin ne, a cire."

"Aiki ya yi kyau."

"To me ya hana ka takawa? Mutane suna cewa na yi maka abin da ba ka so. A masallaci ana kallona."

"Su kalle ka."

"Ko ƙafa ce? In ƙafa ce, mu ɗauko ka a kujera, ni da Khalil ɗan maƙwabta, mu je asibiti."

"Wanda ya ɗauke ni a kujera, ya nemi wani gida."

Bilyaminu ya yi ajiyar zuciya. Muryarsa ta sauka.

"Juma'a nawa ke nan ba ka je ba. Liman ya yi tambaya. Malam Balarabe ya ce gobe in an sauko daga Juma'a, za su zo su duka su hau su duba ka."

"Ba ni da ciwo."

"Sai ka gaya musu da kanka, Baba."

Ya sauka. Takunsa a kan sabuwar matakala daidai yake, ɗaya bayan ɗaya, ba tuntuɓe.

Alhaji ya zauna yana juya maganar a ransa. Dattawa za su cika ɗakin. Kowa zai miƙo hannu, ba ɗaya ba, ba biyu ba, daga kowane gefe, kuma ba a hanyar da ya saba ba. Liman zai ba shi wani abu ya ce ya duba. Balarabe ba wawa ba ne, a kusa zai zauna, ya kalli ƙwayar idon da kyau. Kafin magariba Jega ta ji. Jibi a kawo sanda. Ya tuna tabarmar wansa a bakin zaure, da yadda ƙudaje ke sauka a kanta.

Safiyar Juma'a ya yi wanka a lungun indararo. Ya sa farar riga, ya shafa turare, kamar kowace Juma'a. Sannan ya zauna a bakin gado. Rana ta hau. Rediyo yana karatu, ya kashe. A titi ya fara jin babura da takun masu sammakon masallaci.

Sai ya ji wani taku a matakala wanda bai sani ba.

A hankali yake. Ƙafa ɗaya ta hau, ɗayar ta same ta, a tsaya. Numfashi mai nauyi. Wani abu yana ƙwanƙwasa ƙarfe, kamar zobe. Aka daɗe ana hawa. Ya gyara zama, ya juya fuska wajen ƙofa.

"Salamu alaikum. Wash."

Hajiya Hindu ce. Ta ɗaga labule, ta dafa bango, ta zube a kan buzu.

"Me ya kawo ki?"

"Ƙafata. Ɗanka ya yi mini matakalar da zan iya hawa, ba sai in hau ba?" Ta yi haki. "Rabona da ɗakin nan tun kafin auren Bilyaminu. Har yanzu wannan labulen ne?"

"Bai yage ba."

"Ya yage. Ga shi nan ta ƙasa."

Ya ji tana dube-dube. Ya ji ta ja wani abu a ƙasa, buta ce, ta matsar da ita jikin bango. Ta karkaɗe wani abu. Sai ya ji ta ja gefen zanen gado, ta riƙe.

"Ka ji ciwo ne?"

"Sauro."

"Sauron bana manya ne."

Suka zauna. Zafi yana sauka daga rufi. Ta ba shi labarin hannun Ni'ima, an kwance kara, yatsu suna motsi. Ta ce akuyar nan ta haihu. Ta ce azararsa tana nan, ta hana a faskara, ta sa an jingine ta a bayan rumbu. Yana cewa to, to. A can babban masallaci lasifika ta fara gyaran murya.

"Su Malam Balarabe za su zo an jima," ta ce.

"Na ji."

"Na sa an dama fura da yawa."

"Kin kyauta."

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta yi ƙara, ta koma ta zauna.

"Ni dai na jawo wa kaina. Hawa na iya. Saukar ce ban san yadda zan yi ba. Ƙarfen ya fara zafi, sai da na naɗe hannu da mayafi. In na kalli ƙasa kuma jiri nake ji."

"Kira Bilyaminu."

"Ya tafi masallaci. Ni'ima hannu ɗaya gare ta. Ko in zauna nan har dattawa su zo su same ni a kan buzunka?"

Alhaji ya juya carbi a hannunsa. Ladan ya ɗaga murya, kiran farko ya bazu a kan rufin gidaje.

"In da wanda zai riƙe ni ta baya," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ya dafa kafaɗata kawai, don kada in kife."

Ya daɗe bai motsa ba. Ta bar shi.

Sannan ya miƙe. Ya gyara hula. Ya sa takalmi.

"Tashi. Mace da tsufanki kina hawan abin da ba ki iya sauka. Zo in sauke ki."

"To, Alhaji."

Ta tashi da ƙyar. Ta wuce gabansa, ta ɗaga labule, ta tsaya a bakin ƙofa ta ba shi baya. Farin hasken ya buɗe a gabansa, sai dai yanzu akwai inuwa a tsakiyarsa, gajeruwa, mai faɗi. Ya miƙa hannu. Ya sami iska. Ya sake miƙawa, ya sami mayafi, ya sami ƙashin kafaɗa a ƙarƙashinsa. Ta rame fiye da yadda ya sani.

A ƙasa Ni'ima ta fito da tsintsiya, ta ɗaga kai.

"Hajiya, in zo?"

"Yi aikinki. Alhaji na riƙe da ni."

Ta kama ƙarfen da mayafi. Ta sauke ƙafa ɗaya, kafaɗar ta yi ƙasa a ƙarƙashin hannunsa, ta tsaya.

"Kai, wannan magini," ta ce, tana mita. "Dubi faɗinta. Sai ka tura ƙafa gaba sosai kafin ka sami baki."

Alhaji Attahiru ya tura ƙafa gaba sosai.